Waƙar da Muka Taka wa Rawa a Rumfa

Muchia, Sabon Gari, Zariya
6 ga Yuli

Zuwa ga taubashiyata Kaltume, babbar ungozomar Gembu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da sanyin dutsenku da matan da kike karɓa wa haihuwa. Mu nan lafiya lau. Maigida, Baban Nana, lafiya, yana nan zaune a ƙofar gida yadda kika bar shi. Nana ta kira daga Kaduna, ita ma lafiya. Kasuwa sai godiya. Ruwa ya hana mutane fitowa, amma kuloli da robobi suna tafiya saboda masu biki.

Kai, karatu abu ne mai kyau! Wallahi da na gama karanta takardar da kika ba Obi direba ya kawo mini, sai da na ajiye ta a cinya na ce, Baraka, kin cuci kanki da kika tsaya a aji uku na sakandare. Dubi 'yar'uwarki. Guntun waƙa na minti ɗaya na tura mata a waya don ta yi dariya, ta ji ɗanta ya zama mawaƙi. Ita kuwa ta sa tabarau, ta kwantar da waƙar a gadon asibiti, ta auna mata jini, ta fito da cuta har da sunanta, wai ciwon damuwa. Shafi huɗu! Ni da na kunna ta ya fi sau ashirin a rumfa ban ji komai ba sai kiɗa mai daɗi. Lucia mai gwanjo, maƙwabciyata, har cewa take in ƙara murya, mu ɗan taka kafin masu saye su zo. Ashe makoki muke wa rawa ba mu sani ba. Allah ya ƙara ilimi.

Ga layukan da kika ja wa jan biro, na sake dubawa:

Gari ya waye, ni ban roƙa ba,
Na gaji, ba kuwa aiki na yi ba.
In an tambaye ni, lafiya lau,
In na kau, gida zai sarara.

To, Kaltume, wane mawaƙi ne bai gaji ba? Yaran yanzu yarinya ta ƙi ɗaga waya sau biyu sai su ce duniya ta ƙare, gobe ki gan su a wurin mai tsire. Amma tunda kin ce hankalinki ya tashi, ranar Talata na bar wa Lucia rumfa na hau napep har Samaru, duk da taɓon Kwangila.

Na sami ɗan naki a ɗakin da yake haya a Hayin Dogo. Kin san me mai son barin duniya yake yi? Indomi yake ci da ƙwai, shi da abokansa biyu, suna musun ƙwallo har ana jiyo su daga bakin titi. Kumatunsa sun fi na lokacin Sallah. Ɗakin dai kamar an yi yaƙi, amma wannan gado ne daga wajenki, ba cuta ba ce. Na duba littattafansa, yana karatu. Na duba idonsa, fari tas. Na tambayi mai shagon ƙofar gidan, ya ce yaron ba ya wuce shi bai tsokane shi ba.

Da abokan suka fita na ce, "Abdulrahim, ka tayar wa uwarka da hankali da waƙarka."

Ya ce, "Umma kuma? Inna, ai ke na tura wa."

Na ce, "Ni kuma na tura mata, laifi ne?"

Ya ce, "Inna, kin saurara kuwa?"

Na ce, "Har rawa na yi."

Sai ya dube ni wani iri, ya ce, "Don Allah ki sake saurara. Har ƙarshe."

Kin ji fa. Sabon mawaƙi ke nan, sau ashirin bai ishe shi ba. Na ce ya bari sai ranar Juma'a in ya zo cin tuwo kamar yadda ya saba, ya rera wa Baban Nana, shi ne mai lokacin zama.

Saboda haka ki kwantar da hankalinki, ki koma kan masu naƙuda. In kuma cutar waƙa kike son dubawa, ina da wasu a waya da suka fi wannan jin jiki, sai in tura miki ki rubuta musu magani.

Ga daddawa da kuka nan a leda. Ki ce wa Obi ya daina ɗora mini ayaba a kan takarda.

Taki,
Baraka


Gembu
15 ga Yuli

Baraka,

Wa alaikumus salam. Na sami takarda da daddawa, na gode. Ina lafiya, sai ruwa da ba ya ɗaukewa. Ki gaida Baban Nana.

Na yi dariya, ban ƙi ba. Bakinki tun muna yara ba a iya masa. Amma dariyar ba ta kai mini ciki ba.

Kin ce ɗan naki yana cin indomi yana musun ƙwallo. Baraka, shekara goma sha tara ina wannan aiki. Akwai wata da na karɓa wa haihuwa a nan, ranar suna ita ce mai raba wa mutane abinci tana wasa da kowa. Bayan sati uku muka rasa ta, kuma ba ciwon jiki ne ya ɗauke ta ba. Da aka zauna ana tunawa, sai kowa ya ce ai ta taɓa faɗa masa wani abu, ya ɗauka magana ce kawai. Har ni. Tun daga ranar ba na raina irin wannan magana, ko a waƙa ta zo.

Wanda yarinya ta ƙi shi yakan ce zuciyarsa ta karye, ya kira sunanta, ya zage ta ma. Wannan waƙar babu yarinya a cikinta. Mutum ne yake cewa bai so gari ya waye ba, kuma gida zai huta in babu shi. Mai ganin kansa a matsayin kaya a kan mutanensa, shi nake ji wa tsoro. Yaro ɗan shekara ashirin da biyu a ina ya samo wannan?

Na kira shi ranar da aka sami sabis. Ya ce, "Lafiya lau, Umma." Kin san ni da shi, ɗan fari ne, ban iya jan magana da shi ba, shi ma bai iya da ni ba. Ke ce yake sakewa da ke.

Abu uku nake roƙo. Na ɗaya, minti ɗaya kawai kika turo mini, sabis ɗinmu kuma ba zai ɗauki sauran ba. Ki zauna ki rubuta mini waƙar duka a takarda, kalma bayan kalma, kada ki tsallake ko ɗaya. Na biyu, ki lura ko yana rabar da kayansa, abin da yake so ya ba wani haka kawai. Na uku, ki tambaye shi kai tsaye, ba da wasa ba, ba da habaici ba. Ki ce, kana tunanin kashe kanka? Na san kalmar tana da nauyi a baki. Tambaya ba ta sa wa mutum wannan tunani. In babu, zai yi miki dariya. In akwai, kin buɗe masa ƙofa.

In na yi kuskure, ki yi ta yi mini dariya har mu tsufa, na yarda.

Kaltume


20 ga Yuli

Kaltume,

Gaisuwa. A tsaye nake rubutu, Lucia za ta kai wa Obi kafin ya tashi. Kin yi gaskiya, ni ce ban da kunne. Abin da ke cikin waƙar haka yake, har rabon kayan an yi. Na yi tambayar yadda kika ce, amsar ba daɗi. Muna asibiti tun jiya, an ba mu gado. Ki yi mana addu'a. Zan rubuto.

Baraka


Gembu
29 ga Yuli

Baraka,

Ko gaisuwa ban iya ba. Kwana shida ke nan da guntuwar takardarki a hannuna, na karanta ta har ta yage a wurin ninki.

An ba ku gado. Wane irin gado? Ya yi wa kansa wani abu ne kafin ki isa, ko kin riga shi? Yana magana? Yana cin abinci? Ya san inda yake? Kin ce za ki rubuto. Obi ya je ya dawo, ya ce rumfarki a rufe, Lucia ta ce masa ba ta san komai ba sai dai kina asibiti. Ke da ko ranar da kika yi zazzaɓi ba ki rufe rumfa ba.

Iska ta kayar da ƙarfen sabis tun sha takwas ga wata, babu waya a duk garin. Na hau babur har kan tudun da ake cewa ana samu, na tsaya cikin ruwa ina ɗaga waya sama kamar mahaukaciya, babu. Na nemi hutu, an ce sai wadda za ta canje ni ta iso, ita kuma hanya ta zabtare mata a ƙasan dutse. Mata uku ne a hannuna da watansu ya kama. Jiya na karɓi haihuwar namiji, na miƙa wa uwar, na fita bayan ɗaki na yi kuka.

Baraka, in wani abu ya sami Abdulrahim, ki faɗa mini. Ga shi na rubuta sunansa, abin da ban taɓa yi ba. Kada ki yi mini irin ta mutanenmu, a ce jiki ya yi tsanani alhali an riga an dawo daga maƙabarta. Ni na san yadda ake faɗa wa uwa, na sha faɗa wa wasu. Ki rubuta da kalma ɗaya in ba ki da lokaci. Obi zai jira amsa ko zai kwana biyu a Zariya, na roƙe shi ya yarda.

Kaltume


Muchia
2 ga Agusta

Kaltume 'yar'uwata,

Abdulrahim lafiyarsa ƙalau. Ki sake karantawa. Lafiyarsa ƙalau, ko ciwon kai bai yi ba. Yana zaune a gabana yanzu yana cinye mini gyaɗa, kuma zai sa hannu a ƙasan takardar nan don ki ga rubutunsa.

Ki yafe mini. Na rubuta waccan takarda a kan bencin asibiti, kaina ba ya tare da ni. A zuciyata na gama faɗa miki komai, ban lura ban rubuta sunan mai ciwon ba. Sai da Obi ya miƙo mini taki na gane abin da na yi miki. In kin zo ki mare ni, ba zan rama ba.

Wanda aka ba gado Baban Nana ne.

Bari in faɗa miki daga farko. Na zauna zan rubuta miki waƙar don in ƙure ki, sai na ga ba na jin rabin kalmomin, kiɗa ya danne su. Na tambayi inda aka yi ta, aka nuna mini shagon wani Chuks a nan Sabon Gari. Ɗan Ibo ne amma a nan aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu da na sani. Ɗaki ne ƙarami, an manne bango da kwalin ƙwai.

Ya ce, "Mama, ke ma waƙa za ki yi? Muna yi wa 'yan kasuwa talla."

Na ce, "Wadda aka yi ma ta ishe ni. So nake in ji abin da yaron nan yake faɗa."

Ya ce, "Sai in cire miki kiɗan."

Ya taɓa wani abu, ganga ta ɗauke, komai ya ɗauke, sai muryar yaron ita kaɗai kamar yana zaune kusa da ni. Na rubuta baitin farko ina taɓe baki. Sai na biyu ya shigo, wanda ba ki ji ba, wanda ni na ji sau ashirin:

Shekara ashirin ina taka keke,
Jiniya na kira, ina amsawa.
Yau jiniya ta yi shiru.
Akwatin aikina na ba maƙwabci,
Na ce ya riƙe, ba zan nema ba.

Kaltume, biro ya tsaya. Ɗanki bai taɓa amsa jiniyar kowa ba. Mutum ɗaya na sani da ya yi shekaru yana taka keke zuwa Chikaji kafin jiniyar ƙarfe bakwai, yana gyaran injuna, har aka rufe kamfaninsu shekara uku da suka wuce. Kuma wata biyu ke nan da ya ɗauki akwatin kayan aikinsa, wanda ko Nana ba ya bari ta taɓa, ya ba Seun mai gyaran janareto. Kin san abin da na ce ranar? Na ce madalla, an sami wurin ajiye kuloli a ƙarƙashin gado.

Chuks ya ce, "Mama, lafiya?" Na ce ya sake kunnawa. Ya ce ranar da yaron ya rera wannan baitin sau uku yana tsayawa, har ya fita ya wanke fuska. Da ya tambaye shi, sai ya ce maganar ba tasa ba ce, aro ya yi.

Daga nan Samaru na wuce. Na sami ja'irin zai shiga aji, na riƙe masa riga. Bai yi musu ba. Ashe duk Juma'a in ya zo cin tuwo, ni ina kasuwa sai yamma, su biyu suke zama a ƙofar gida, Baban Nana yana yi masa irin waɗannan maganganu. Yaron yana komawa ɗaki yana rubutawa don sun hana shi sukuni. Na ce, "Me ya hana ka buɗe baki ka faɗa mini?"

Ya ce, "Inna, amana ya ba ni. Ya ce in na faɗa miki bai yafe ba. Na rasa yadda zan yi. Ke kaɗai na tura wa waƙar, ban sa ta ko'ina ba. Na ɗauka kina ji za ki gane."

Ni kuwa na yi rawa.

Ranar ban koma rumfa ba. Na isa gida bayan la'asar, yana kan tabarmarsa. Ya ce, "Lafiya kika dawo da rana haka?" Na cire takalmi na zauna a gefensa, a ƙofar gida, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan. Na yi ta juya maganarki a baki. Ni da nake iya sayar wa mace kula uku alhali ɗaya ta zo nema, na rasa ta inda zan fara. Sai kawai na faɗe ta yadda kika rubuta.

Na ce, "Malam, kana tunanin kashe kanka?"

Ya ce, "A'uzu billahi! Wace irin magana ce wannan, Baraka?"

Na jira. Wannan shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi, in rufe bakina. Mai kifi ta wuce, yaran islamiyya suka wuce. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ban ce zan yi ba. Zuwa yake yi. In kore shi, ya dawo."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun da aka rufe. Bana ya fi."

Na ce, "Shekara uku muna ɗaki ɗaya, ba ka faɗa mini ba?"

Ya ce, "Kullum kina tambayata ya jiki, kina ɗaura ɗankwali, ƙafarki ɗaya a waje. Me zan ce ban da lafiya? Ke ke fita, ke ke kawowa. In ƙara miki da kuka?" Sannan ya faɗi wadda ta fi ci masa rai. Wai yana ganin tunda irin wannan tunani ya shige shi, imaninsa ne ya tafi, yana sallah yana jin kunyar ɗaga hannu.

Na ce masa taubashiyata da ta yi karatu ta ce cuta ce kamar hawan jini, tana da suna, tana da magani. Ya ce shi ba mahaukaci ba ne, ba inda za shi. To nan fa aka zo fagena. Na ce shi ke nan, bari in kira yayyensa na Tudun Wada su uku, da Nana da mijinta, da limamin unguwa, a zauna a tattauna. Ya zaro ido. Na bari ya ji nauyin wannan sosai, sannan na ce, ko kuma gobe da sassafe mu tafi ni da kai, sau ɗaya, ba wanda ya sani, in ba ka so ba mu dawo. Ya ce, "Sau ɗaya." Na ce sau ɗaya. Ka fara da abin da mutum ba zai iya ɗauka ba, sai ya ga na biyun da sauƙi. Shekara ashirin da biyar ina yi wa matan Zariya haka, ban san ranar amfaninsa na zuwa ba.

Likitar wata ce mai suna Winifred, mai haƙuri, tana jin Hausa. Ta fitar da ni waje suka yi kusan awa ɗaya. Ta ce gara ya kwana biyu a wurinsu su sa masa ido, ga shi jininsa ma ya hau. Kwana biyun suka zama takwas. Ta faɗa mini abubuwan da zan kwashe daga gida, na kwashe. Ta ba da magani, ta ce duk sati biyu mu koma a zauna a yi magana. Yanzu muna gida. Rumfa tana hannun Lucia rabin yini.

Kin karanta waƙar daidai, Kaltume. Adireshi kawai kika ɓata.

Baraka

Umma, ni ne. Ina lafiya wallahi. Ki yi haƙuri. Abdulrahim.


Gembu
9 ga Agusta

Baraka,

A bakin motar Obi na buɗe takardar, na karanta layin farko, na zauna a kan buhun wani ban sani ba. Alhamdu lillahi. Na yi sujada a ɗakin magani.

Zan faɗa miki abin da nake jin kunyarsa. Da na ga ba ɗana ba ne, daɗi na ji, tsantsa, kafin in tuna mijinki ne. Ki yafe mini wannan, na yafe miki kwanakin fargabar da kika sa ni a ciki.

Maganin ba ya aiki rana ɗaya, yakan ɗauki sati huɗu ko fiye. In ya ce ya warke zai daina, kada ki yarda sai likita ta ce. In tunanin ya dawo da ƙarfi, kada ki jira ranar komawa, ku tafi a ranar. Ke ma ki ci abinci.

Ki faɗa wa ɗan naki ya yi ƙoƙari, amma irin wannan amanar ba a riƙe ta. Gaba in wani ya faɗa masa haka, ya tafi da ƙafarsa ya faɗa wa babba da baki, ko za a yi fushi da shi. Ba kowace inna ce ke da taubashiya ba.

Ki gaida Baban Nana da jiki. Aji ukun naki ma ya yi rana.

Kaltume


Muchia
3 ga Satumba

Kaltume,

Assalamu alaikum. Ina fata an gyara muku ƙarfen sabis da hanya. Ni lafiya, sai ƙafa. Baban Nana da sauƙi. Jiya bai ci abincin rana ba, ya yini ba magana. Shekaranjiya kuwa ya cinye har ya tambaya ko akwai saura. Likita ta ce haka abin yake tafiya, kada in tsorata, kada kuma in saki jiki. Mun koma sau biyu. Mai cewa sau ɗaya yanzu shi ke tuna mini ranar.

Da bakinsa ya faɗa wa Nana, ta zo ta kwana uku. Ya kuma sami limaminmu su biyu, ban san me suka ce ba, amma ya dawo ya ce ashe ba shi ne na farko da ya kai masa irin wannan ba.

Wasu ranakun yana bin Seun wurin aiki. Ba ya taɓa komai, tsayawa yake a kansa yana cewa ba haka ake yi ba. Seun ya zo mini ƙara, na ce ya yi haƙuri, magani ne.

Malam ya yi fushi da Abdulrahim na sati biyu, ko gaisuwarsa ba ya amsawa da kyau. Ranar Juma'ar da ta wuce ya ce a kunna masa abin da aka yi da shi. Muka zauna mu uku, yaron yana zufa. Ya saurara har ƙarshe, kansa a ƙasa. Da ta ƙare ya ɗago ya ce, "Shekara ashirin da uku ne, ba ashirin ba." Yaron ya ce ukun ba ta shiga kiɗa. Ya ce, "To a gyara kiɗan. Shekara uku ba wasa ba ne." Suka yi ta musu har tuwo ya huce. Na shiga ɗaki na bar su, don kada su ga fuskata.

Saura magana ɗaya, ita ce nake son ra'ayinki. Kin tuna yaron ni kaɗai ya tura wa. To ni na kunna a rumfa, Lucia ta ce in tura mata, ita ta tura wa 'yan cocinsu da masu ɗinki, yanzu waƙar ta gama Sabon Gari. Babu wanda ya san mai ita, Malam kuma ya ce a bar ta, ba sunansa a ciki. Ranar Asabar na je wunin bikin 'yar wata mai sayen kaya a wurina. Ana cikin rabon abinci sai mai kiɗa ya sako ta. Kaltume, ki ga mata! Manya da yara aka cika fili, ana juyi ana guɗa, ana amsa "na gaji" da ƙarfi kamar kirari. Na ƙirga aƙalla biyar da na san mazansu tare aka sallame su da Malam. Uwar amarya ta jawo hannuna tana cewa, "Hajiya Baraka, yau kuma ke ce a zaune? Ba waƙarki ba ce?"

Na ce ƙafa ke damuna.

To ke da kika yi karatu, faɗa mini. In na sake samun kaina a irin wannan wuri, in je in sa a cire musu kiɗan, ko in bari su gama rawar tukuna?

Taki,
Baraka